Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jakar Ko-ta-kwana da Ajiyar Gefe

Gabatarwa

A daren Lahadi, 15 ga watan Yuli, 2018, aka tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a garin Jibiya na Jihar Katsina. Kafin gari ya waye ambaliya ta ci rayuka fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje, har wasu gawarwakin sai a ƙetaren iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar, aka tsinto su. Waɗanda Allah Ya yi wa gyaɗar dogo suka tsira, da yawansu kayan jikinsu kaɗai suka fita da su. Irin wannan ta faru a Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta kuma sake faruwa a Mokwa ta Jihar Neja da asubahin 29 ga Mayu, 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu.

Daga Jibiya zuwa Batagarawa tafiyar kimanin awa guda ce a mota. Haka nan mutanen wannan yanki sun ga yadda, a 'yan shekarun nan, hare-haren 'yan bindiga suka koro mata da yara daga ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya zuwa birnin Katsina da kewayensa, wasu da goyo a baya, wasu ko takalmi babu. Saboda haka zancen barin gida cikin dare babu shiri ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata kowane gida a Batagarawa da makamantanta ya mallaki abubuwa biyu. Na farko jakar ko-ta-kwana, wato jakar da aka haɗa tun ana zaune lafiya, wadda za ta riƙe iyali kwana uku. Na biyu ajiyar gefe, wato ɗan abinci da kaya da aka killace a wani wuri dabam da inda ake kwana. Bugu da ƙari, makarantun sakandare su ne suka fi dacewa su koyar da wannan, domin kuwa tushensa duk yana cikin darasin ilimin halittu da ake yi a aji.

Abin da Jiki ke Bukata

Masana harkar agaji sun fi ɗaukar kwana uku, wato awa 72, a matsayin tazarar da ya kamata iyali su iya riƙe kansu kafin taimako ya iso. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, ba su isa ko'ina a rana ɗaya, musamman idan gada ta karye ko hanya ta yanke. Abin tambaya shi ne, me ke kashe mutum a cikin waɗannan kwanaki?

Mafi yawan mutane za su ce yunwa, amma ilimin halittu ya nuna ba haka ba ne. Baligi mai lafiya yana iya ɗaukar makonni babu abinci muddin yana shan ruwa, domin jiki yakan koma cin kitsen da ya tara. Ruwa kuwa babu wata taska da jiki ke ajiye shi. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne, na jariri kuma ya kai wajen kashi 75. Ta hanyar gumi da fitsari da numfashi ruwan yana fita dare da rana. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 40 a Katsina, mai tafiya a ƙasa yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. Idan ruwan ya ragu jini yakan yi kauri, zuciya ta riƙa wahala wajen harba shi, ƙoda ta fara gazawa. Cikin 'yan kwanaki kaɗan sai rai ya yi halinsa, kuma yara da tsofaffi ne ke fara faɗuwa.

To, a nan akwai wani lissafi da ya kamata ɗalibi ya yi da kansa. A ce kowane mutum yana bukatar lita 3 a rana don sha kawai. Gidan mutum bakwai, a kwana uku, zai bukaci lita 63. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan kilo 63, fiye da jarka biyu da rabi mai cin lita 25. Babu iyalin da zai gudu da wannan kaya a ka. Abin da lissafin ya koyar shi ne, ruwan da za a ɗauka kaɗan ne, lita ɗaya ko biyu ga kowa, amma lallai a ɗauki abin da za a tsabtace ruwan da aka tarar a hanya.

Dalili kuwa shi ne, bayan ambaliya ruwan masai yakan haɗu da na rijiya, daga nan sai kwalara. Ƙwayar cutar, wadda masana ke kira Vibrio cholerae, tana fitar da wani dafi da ke sa hanji ya riƙa kwararo ruwa da gishirin jiki waje, har babban mutum ya bushe cikin awoyi. A shekarar 2021 kaɗai cutar ta kashe fiye da mutum 3,500 a Nijeriya, kuma Katsina tana cikin jihohin da ta taɓa.

Maganin wannan bushewa yana da arha ƙwarai. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Hikimar ita ce, a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sinadarin gishiri sai tare da sukari, idan kuma suka shiga ruwa yakan bi su, kuma dafin kwalara bai rufe wannan ƙofa ba. A shekarar 1971 wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da wannan haɗi a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Bangaon, bayan ruwan ƙarin jijiya ya ƙare masa. Mace-macen masu kwalara ya sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Ashe ƙullin gishiri da sukari, ko 'yan fakitin da ake sayarwa a kemis, sun fi buhun shinkafa daraja a jakar mai gudu.

Abin da Za a Zuba a Jaka

Jakar makaranta tsohuwa ta isa, muddin tana da hannu biyu da za a goya ta, don hannuwa su samu riƙe yara. Ƙa'idar nauyinta ita ce, wanda zai ɗauka ya iya tafiyar awa biyu da ita bai sauke ba.

Na farko kayan ruwa: gora ko roba mai murfi, ƙaramar tukunya, ashana a cikin leda, da ƙwayoyin kulorin na tsabtace ruwa. Ruwan da ya tafasa sosai na minti guda ya kuɓuta daga ƙwayoyin cuta. Wanda aka sa wa kulorin a jira shi minti 30. Idan babu ko ɗaya, a cika robar ruwa marar launi, wadda ba ta wuce lita biyu ba, a kwantar da ita a rana awa shida, ko kwana biyu idan da hadari, hasken rana zai kashe mafi yawan ƙwayoyin. Ruwa mai laka a fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwallon zogale, a tace da kallabi mai tsabta da aka ninka. Wani bincike da Rita Colwell da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya nuna cewa tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu ya rage kwalara da kusan rabi a ƙauyukan Bangaladash. Sai dai tacewa ragewa take yi, ba ta maye gurbin tafasawa.

Na biyu abinci. A nan Bahaushe ba ya bukatar gwangwanin kanti, domin fatake da alhazan da suka taka zuwa Makka a ƙasa sun riga sun warware matsalar guzuri. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino da aya da soyayyar gyaɗa duk ana cin su ba tare da an hura wuta ba. Suna daɗewa ne saboda an raba su da ruwa, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci kuwa ba su hayayyafa a busasshen wuri. Ma'aikatan agaji kan ƙiyasta wa mutum kalori 2,100 a rana. Giram 100 na gyaɗa yana ba da wajen kalori 570, na garin kwaki kimanin 350. Ke nan kilo ɗaya da rabi na wannan haɗi zai riƙe baligi kwana uku.

Na uku magani. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai asma, da mai amosanin jini, kowa a ware masa na mako guda, tare da takardar da ke ɗauke da sunan maganin. A haɗa da farasitamol da bandeji da sabulu da audugar mata. Gidan sauro ya zama dole, domin sauro yana ƙyanƙyasa a kwantaccen ruwa, mai kwana a fili kuwa ba shi da bango. Tocila da takalmi rufaffe su ma magani ne, saboda ruwa yakan koro maciji da kunama zuwa tudun da mutane suka fake.

Na huɗu takardu: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, katin rigakafin yara, sakamakon jarrabawa, da takardun gida da na gona. A naɗe su a leda biyu, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Ɗalibin da ya yi shekara shida a sakandare bai kamata ruwan dare ɗaya ya raba shi da shaidarsa ba.

Na biyar ɗan kuɗi a hannu, ƙananan takardu, da lambobin 'yan'uwa rubuce a takarda, da ƙaramar rediyo mai batir. Kada a jingina ga waya ita kaɗai. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Jibiya da Batsari da Kurfi da Dutsin-ma, saboda matsalar tsaro. A farkon 2023 kuma kowa ya ga yadda mai kuɗi a banki ya kasa sayen mudun gari saboda ƙarancin takardun Naira.

Akwai gargaɗi guda da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Jakar a rataye ta kusa da ƙofa, inda kowa ya sani, amma wanda ya riga ya fita kada ya koma dominta. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuwa yana iya ɗaga ƙaramar mota.

Ajiyar Gefe da Ilimin Rumbu

Jaka ta kwana uku ce. Abin da zai tayar da iyali bayan haka shi ne ajiya. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mutanen da suka ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da waɗanda suka ga farin 1972 zuwa 1974, sun san darajar rumbun da ba a buɗe shi sai uwar bari. Abin da ya sauya shi ne irin barazanar. Rumbu maganin fari ne, amma ambaliya takan narkar da shi, gobara ta cinye shi, maharan daji kuma su fasa shi ko su cinna masa wuta. Don haka sharaɗin farko na ajiyar yau shi ne a raba ta. Wani kaso a gida, wani a hannun amintaccen ɗan'uwa a wata unguwa mai tudu ko a cikin birni. Haƙiƙa ajiyar da ke ɗakin ɗan'uwa ta fi wadda aka binne a daji aminci, ga shi kuma ta zama dalilin sanin inda za a nufa ranar gudu.

Sharaɗi na biyu shi ne bushewa. Ƙwayar hatsi abu ne mai rai, tana numfashi. Idan laimar da ke cikinta ta wuce kimanin kashi 13 zuwa 14 cikin 100, sai fumfuna ta samu wurin zama. Wata irin fumfuna, Aspergillus flavus, wadda ta fi kama masara da gyaɗa, tana fitar da guba mai suna afalatoksin, mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashe ta. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta kamu da ita. Akwai gwaji mai sauƙi da kowane ɗalibi zai iya yi: a zuba hatsi a busasshiyar kwalba, a ƙara busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana.

Sharaɗi na uku shi ne hana iska shiga. Ƙwaron wake da na dawa suna shaƙar iskar oksijin kamar kowace dabba. Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Idan aka cika mazubi da hatsi aka toshe shi ruf, ƙwarin da kansu za su shanye wannan iska, su daina ci, su mutu. A kan wannan ne masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da na cibiyar binciken noma ta Nijar da ke Maraɗi, suka yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku tun daga 2007. Jarka mai kyakkyawan murfi ko duron roba suna yin aiki iri ɗaya, muddin an cika su maƙil kuma ba a yawan buɗewa. Wannan ya fi zuba wa abinci guba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Ƙwayar hayaƙin nan kuwa da ake jefawa a buhu tana fitar da iska mai kisa, bai halatta a ajiye ta a ɗakin da ake kwana ba.

Wanda tilas ta sa shi binnewa, ya nemi jigawa, ya guji fadama, ya yi amfani da duron roba, domin ƙarfe yana tsatsa, gara kuma tana cin buhu da takarda, har da takardun kuɗi. Kada a haɗa da fetur ko makami. Lallai kuma manya biyu a gidan su san wurin, domin ajiyar da mutum ɗaya ya sani takan mutu tare da shi. A duba jaka da ajiya sau biyu a shekara, farkon damina da bayan girbi, a ci tsohon a zuba sabo, domin man gyaɗa da na kilishi yana sauya ɗanɗano a zafi, magani kuma yana da wa'adi.

Hujjojin Masu Suka

Wasu za su ce wannan rashin tawakkali ne, ko kuma kiran masifa. Amsar tana cikin tarihin addini. Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar shawarar su tanadi hatsin shekaru bakwai na wadata, su kuma bar shi a zangarniyarsa, kamar dai yadda manomin Katsina ke ajiye gero a dami. A lokacin Hijira ma sai da aka tanadi raƙuma da ɗan jagora, Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar kuma ta ɗaure guzuri da ɗamararta. Riƙon sababi bai kore dogaro ga Allah ba.

Wasu kuma za su ce wanda bai samu na yau ba, ina zai samu na ajiya? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ba za a yi mata gatsali ba. Gaskiya ne akwai gidajen da ko mudu ɗaya ba za su iya warewa ba. Sai dai rabin abin da aka lissafa ba ya cin ko kwabo: haɗa takardu a leda, rubuta lambobi, ƙulle gishiri, da yanke shawarar inda za a haɗu idan aka rabu. Sauran kuma da kaɗan-kaɗan ake tarawa, tafin hannu guda daga kowane awo. Inda gida ɗaya ya gaza, unguwa ko masallaci ko ƙungiyar adashi suna iya yin ajiya ta haɗin gwiwa.

Akwai kuma masu ganin wannan ɓoye hatsi ne, wanda addini da al'ada suka ƙi. Bambancin a fili yake. Mai ɓoyewa yana kwashe na kasuwa don ya yi tsada ya sayar. Mai ajiyar gefe kuwa abincin bakin iyalinsa na mako biyu ko wata guda ya keɓe, kuma ranar wahala shi ne ba zai shiga layin rabon agaji ba, ya bar wa wanda ya fi shi bukata.

Suka ta ƙarshe ita ce, wannan zai sa hukuma ta yi sakaci, ta ɗora wa talaka nauyinta. Ko kusa. Yashe magudanan ruwa, da hana gini a hanyar ruwa, da kula da madatsu irin ta Ajiwa da ke cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, da tsare rayukan jama'a, duk haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma wajibi ne a ci gaba da nemansa. Amma ruwa ba ya jiran a gama muhawara a kan wanda ke da laifi.

Aikin Makaranta

Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa ta tayar da igiyar teku da ta afka wa gabar Japan. A garin Kamaishi fiye da mutum dubu suka mutu ko suka ɓace, amma daga cikin 'yan firamare da ƙaramar sakandare kusan 3,000 'yan ƙalilan ne ba su tsira ba. Dalili shi ne shekarun da Farfesa Toshitaka Katada da malaman garin suka ɗauka suna koya musu gudu zuwa tudu ba tare da jiran umarni ba. A ranar, 'yan sakandare ne suka riƙo hannun 'yan firamare suka haura da su.

Darasin da ke nan shi ne, sabo ya fi kaya. Makarantun Batagarawa suna da wata dama da wasu ba su da ita, domin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana maƙwabtaka da su. Malamin kimiyya yana iya sa ɗalibai su auna nauyin jaka, su haɗa ruwan gishiri da sukari, su yi gwajin kwalba da gishiri, su zuba wake a jarka biyu, ɗaya a toshe ɗaya a buɗe, su ƙirga hudar ƙwari bayan wata biyu. Malamin labarin ƙasa ya fita da su su zana taswirar unguwa, ina ne kwari, ina ne tudu, ta ina ruwa ke bi. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, ya kamata a karanta shi a taron safe. Makarantar kwana kuwa ta riƙa gwajin fita cikin dare aƙalla sau ɗaya a zango, a tabbatar ƙofofin ɗakin kwana suna buɗuwa daga ciki.

Kammalawa

Babu jakar da za ta tare ambaliya, babu kuma ajiyar da za ta kori mahari. Abin da suke yi shi ne hana masifa ɗaya ta haifi ta biyu, wato kada wanda ya tsira daga ruwa ya mutu da gudawa, kada wanda ya kuɓuta daga hari ya rasa maganinsa da takardunsa da irin shukarsa. Ɗalibin da ya karanta wannan ya koma gida ya tambayi mahaifansa abu uku: ina takardun gidan suke, ina za a nufa idan aka tashi cikin dare, kuma wa zai ɗauki ƙaramin yaro da tsohuwa? Idan aka yi shiru, to aiki ya same shi tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyashe bayinSa daga sharrin dare da na rana.